Ina Son Hawan Spitfire, Maiɗakina Ta Ce Sai Dai Bayan Ranta

Assalamu alaikum, Malam. Ni mutumin Kano ne, ina aikin jinya a wani asibiti a kudancin Ingila, inda nake zaune da maiɗakina da 'ya'yanmu uku. Kakana na wajen uba ya yi aikin lebura a filin jirgin saman Kano lokacin Yaƙin Hitila, kuma tun ina yaro yake ba ni labarin ƙananan jiragen yaƙin da ke sauka su sha mai su wuce gabas. Da na zo ƙasar nan na gano cewa ana ɗaukar mutum a Spitfire mai kujera biyu, tsohon jirgin yaƙin Birtaniya, idan ya biya, sai na shiga ajiye kuɗin aikin ƙarin lokaci har na tara fam 3,500, da niyyar in hau a bana da zan cika shekara 50. Da na faɗa wa maiɗakina sai ta ce sai dai bayan ranta, wai jirgin da ya girmi mahaifinta ba abin da uban yara zai shiga ba ne. Ta kuma kai maganar wurin Yayana a Kano, shi kuwa ya kira ni ya ce wannan almubazzaranci ne, alhali ɗakin Hajiyarmu yana yoyo tun daminar bara. Ina aika kuɗi gida duk wata ban taɓa fasawa ba, kuma ban ji maganar yoyon ba sai ranar. Ina shan maganin hawan jini, amma ina jin ƙarfin jikina. Yanzu zuciyata tana raya mini in biya a ɓoye, in ce mata zan tafi wani taro na wurin aiki, idan na sauko lafiya in nuna mata bidiyon. Don Allah a ba ni shawara.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan kakanka, Ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Zan fara da abin da ya fi gaggawa a wasiƙarka, wato shirin biya a ɓoye, kuma ina roƙonka ka janye shi tun yau. Burinka ba wauta ba ne, ina ma ganin kana iya cika shi, amma a cikin duk hanyoyin da ke gabanka wannan ce kaɗai wadda ko an sauka lafiya sai an yi asara.

Abin da kakanka ya ba ka labari tarihi ne tabbatacce. Bayan Italiya ta shiga yaƙin a watan Yuni na 1940, tekun Bahar Rum ya zama mai haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya, don haka sai aka riƙa kawo jiragen sama cikin manyan akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan a tashi da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, El Fasher da Kartum, har zuwa Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya, na farko-farkonsu Hurricane da Blenheim, daga baya Spitfire ma ya biyo sahu. Akwai kuma runduna ta 91 ta mayaƙan saman Birtaniya, wadda aka laƙaba wa sunan Nijeriya saboda gudummawar da ƙasar ta bayar wajen sayen jiragenta, ko da yake wanda ya san halin mulkin mallaka ya san gudummawar wancan zamani ba kullum take zama ta ganin dama ba. Da Spitfire wannan runduna ta riƙa tashi daga filin Hawkinge da ke yankin Kent a 1941. Ke nan Bakano da ke son shiga wannan jirgi ba kwaikwayon sha'awar wasu yake yi ba, yana da nasa rabon a cikin labarin, kuma ya kamata maiɗakinka ta ji wannan daga bakinka dalla-dalla, domin ina zaton farashi da tsufan jirgin kawai ta ji.

Amma tsoronta ma yana da tushe, kuma adalci ne mu auna shi da abin da aka sani. Spitfire ya fara tashi ne a ranar 5 ga Maris 1936, aikin injiniya R. J. Mitchell, an ƙera fiye da 20,000, waɗanda ke iya tashi a duniya yau kuwa ba su kai 100 ba. Asalinsa na mutum ɗaya ne. Bayan yaƙi ne kamfanin Vickers ya mayar da wasu masu kujera biyu domin koyar da matuƙa, har sojojin saman Ireland suka sayi guda 6 a 1951, kuma a kan wannan tsari ne ake ƙara kujera ga waɗanda ake ɗaukar fasinja da su yanzu. Da yawa daga cikinsu an warware su kaf an sake gina su da sababbin sassa, saboda haka tsufan ƙarfe, wanda shi ne ya fi tsorata ta, ba shi ne babbar matsalar ba. Matsalar tana cikin yadda aka tsara jirgin tun farko. An yi shi ne domin saurayi soja ya kai hari ya dawo, ba domin kare ran fasinja ba. Inji ɗaya gare shi, Merlin na kamfanin Rolls-Royce mai silinda 12, idan ya mutu a sama babu na biyu da zai riƙe jirgin. Tayoyinsa na gaba suna kusa da juna, abin da ke sa saukarsa ta buƙaci gwaninta, kuma hancinsa yana da tsawo har matuƙi ba ya ganin gabansa a ƙasa sai yana tafiya yana karkacewa hagu da dama. Babu kujerar da ke cilla mutum waje. Idan ta ɓaci ƙwarai, da hannunka za ka buɗe murfin, ka kwance ɗamararka, ka fita, ka ja igiyar laima.

Saboda irin waɗannan dalilai ne hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Birtaniya ta daɗe ba ta yarda a ɗauki fasinja mai biya a irin waɗannan jirage ba, sai a 2014 da ta fito da tsarin da ake kira SSAC. Ma'anar tsarin ita ce jirgin bai cika ƙa'idojin tsaro irin na jirgin fasinja ba, don haka dole kamfani ya yi wa mutum cikakken bayanin haɗarin, ya tabbatar ya fahimta, sannan mutumin ya sa hannu cewa ya amince. Ka tsaya a nan ka yi tunani, ɗan'uwa, domin nan ne zuciyar maganar. Hukumar da ba ta san ka ba ta ce bai halatta a ɗora maka wannan haɗari ba sai da saninka da yardarka. Takardar kai kaɗai za ka sa wa hannu, amma abin da ke rubuce a cikinta ya shafi mutum huɗu da ke gidanka, kuma ɗaya daga cikinsu babba ce mai hankali wadda ita za ta ɗauki nauyin sauran ukun a ƙasar da ba dangin iya ba na baba. Idan kamfani bai isa ya ɓoye maka haɗarin ba, kai ma ba ka da hurumin ɓoye mata.

Ga kuma abin da ya faru a zahiri, domin kada in rage komai. A ranar 25 ga Mayu 2024 wani Spitfire na rundunar tunawa da yaƙi ta mayaƙan saman Birtaniya ya faɗi kusa da sansanin Coningsby, matuƙinsa Mark Long, gogaggen hafsa, ya rasu. A watan Mayu na 2025 wani mai kujera biyu ya yi saukar gaggawa a cikin gona kusa da Hythe a Kent, amma matuƙin da fasinjansa sun fita lafiya. A Amurka kuma, a watan Oktoba na 2019, wani tsohon jirgin jefa bama-bamai samfurin B-17 ɗauke da fasinjoji masu biya ya faɗi a jihar Connecticut, mutum 7 suka mutu, kuma masu bincike sun ambaci sakaci wajen kula da injina a cikin dalilan. A ɗaya ɓangaren, dubban mutane sun hau Spitfire a Ingila tun da aka ba da izini, maza da mata, har da tsofaffi tukuf, sun sauka suna murna. Hukuncina shi ne haɗarin ƙarami ne amma na gaske ne, ya fi na jirgin da kake hawa zuwa Abuja nesa ba kusa ba, sai dai bai kai a kira shi jefa kai cikin halaka ba idan an zaɓi kamfani mai izini kuma mutum yana da lafiyar da ake buƙata.

Shirin ɓoyewar ma, ko a aikace, ba zai tafi yadda kake hasashe ba. Za a tambaye ka sunan wanda za a kira idan wani abu ya faru, kuma ka san sunan wa za ka rubuta. Ka yi tunanin matar da ta yi maka rakiya zuwa ƙofa da zaton taro za ka, sai ga baƙuwar murya a waya tana ambaton filin jirgi. Sannan waɗannan jirage ba sa tashi sai sama ta yi kyau, kuma ka fi ni sanin halin gajimare da iskar Ingila. Ana ɗage tashi sau da yawa, wani lokaci bayan mutum ya riga ya isa filin, ke nan ƙarya ɗaya ba za ta wadatar ba, sai ka ƙirƙiro taro na biyu da na uku. Idan kuwa komai ya tafi daidai ka miƙa mata bidiyon, abin da za ta gani a ciki shi ne mijinta yana iya kallon idonta ya tsara mata magana, kuma daga ranar duk wani taron aiki na gaskiya sai ta sa masa alamar tambaya. Abin da ka yi shekaru kana mafarki zai zama abin da ba a son ambata a gidanka.

Game da kai ƙararka wurin Yaya, na fahimci ya yi maka ciwo, kuma da ta fara gaya maka za ta yi hakan da ya fi kyau. Amma ka duba matsayinta. A gida, macen da mijinta ya ƙudurta abin da ke tsorata ta tana da iyaye da surukai da aminan miji da za ta aika su tausasa shi, a nan kuwa wayar Yaya kaɗai ta rage mata. Kada ka mayar da wannan laifin da za a yi shari'arsa. Ka nemi lokacin da yara suka kwanta, ka ce mata ka ji tsoronta kuma ba za ka biya ko sisi ba sai kun gama magana, sannan ka tambaye ta ainihin abin da take tsoro, ka yi shiru ka saurara. Wataƙila mutuwa ce kawai, wataƙila kuma akwai wani abu a ƙarƙashi, kamar zaman da take yi ita kaɗai da yara duk daren da kake aikin ƙarin lokaci. Kuɗin nan guminka ne, babu musu, amma awannin da aka tara su da su daga lokacin gidan aka ciro su, kuma ita ce ta cike gurbin. Idan ka furta mata wannan da kanka, za ka ga maganar ta sauya launi.

Maganar Yaya ba ta da wahala. Ɗakin Hajiya yana gaba da Spitfire, wannan ba abin tattaunawa ba ne, kuma na tabbata da ka ji labarin yoyon tun bara da tuni an wuce wurin. Ka sa a kira mai gyaran rufi ya duba ya faɗi kuɗin kwano da katako da na aiki, ka biya daga cikin abin da ka tara kafin ruwan bana ya sauka, ka kuma roƙi Yaya cikin ladabi cewa nan gaba duk abin da ya shafi Hajiya a sanar da kai da wuri, kada a ajiye shi sai ranar da ake neman hujja a kanka. Bayan haka kalmar almubazzaranci ba ta da wurin zama. Mutumin da ya ciyar da iyalinsa, ya kula da mahaifiyarsa, ya fitar da zakkarsa, babu mai bin sa bashin da ya ƙi biya, idan ya kashe halaliyarsa a kan abin sha'awa na halal sau ɗaya a rayuwa bai yi ɓarna ba. Idan gyaran ya ci wani kaso na kuɗin har tashin ya koma baɗi, shekara 51 ba ta fi 50 nisa da komai ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka, fiye da Yaya, shi ne yadda ka wuce maganar hawan jini da jimla ɗaya. Kai ma'aikacin jinya ne, ka san jin ƙarfin jiki ba awo ba ne. A cikin jirgin akwai zafi da ƙara da warin mai, wurin zama a matse yake, zuciya tana bugawa da sauri saboda zumuɗi, kuma idan matuƙi ya yi kwana mai tsanani ko alkafura, jini yana sauka daga kai zuwa ƙafafu, abin da wasu magungunan hawan jini ke iya tsanantawa har mutum ya ji jiri ko ganinsa ya dushe. Ka je wurin likitanka ka faɗa masa ainihin abin da kake shirin yi, ka kuma rubuta gaskiya a takardar lafiyar da kamfani zai ba ka. Hawan jinin da magani ya daidaita ba lallai ya hana mutum tashi ba, amma likita da kamfanin ne za su yanke. Alkafura kuwa zaɓi ce, kana iya cewa ba ka so, matuƙin zai bi ra'ayinka. Akwai iyakar nauyi, galibi tsakanin kilo 100 da 110, da iyakar tsawo, kuma za a so a ga kana iya shiga da fita da kanka cikin hanzari.

Sai maganar da mazajenmu ba sa son ji. Idan kana da inshorar rai, irin wadda ake haɗawa da bashin sayen gida, ka rubuta musu ka tambaya ko tana aiki idan mutum ya rasu a irin wannan tashi, domin da yawa suna ware tashin da ba na jirgin fasinja na yau da kullum ba, kuma ka nemi amsar a rubuce. Ka duba abin da tsarin fanshon wurin aikinka ke bai wa iyali, ka tabbatar sunanta ne a kai. Ka rubuta wasiyya, wadda dama addini ya kwaɗaitar da ita ko ba ka taɓa kusantar filin jirgi ba, ka nuna mata inda takardun gida da na banki suke. Wani zai ce wannan ƙara mata tsoro ne. Ni a ganina akasin haka ne, domin rabin fargabar mace a baƙuwar ƙasa ita ce rashin sanin inda za ta dafa.

Idan an zo zaɓen wuri, kana kusa da mafi yawansu. Ana tashi daga Biggin Hill da ke kudu maso gabashin Landan, wanda sansanin mayaƙa ne a yaƙin sararin samaniyar Birtaniya na 1940, da Goodwood kusa da Chichester, da Headcorn a Kent, da Duxford kusa da Cambridge. Mafi ƙanƙantar tafiya tana kamawa daga wajen fam 3,000 na rabin sa'a, wanda a cikinsa kimanin minti 20 ne a sama, sauran na tayar da inji ne da tafiya a ƙasa, doguwar tafiya zuwa fararen duwatsun gaɓar Dover kuma tana iya kusantar ninki biyu. Ka tambaye su izininsu na SSAC, da gogewar matuƙin da zai ɗauke ka a kan wannan samfuri, da wanda ke kula da injin, da irin inshorar da ke kan fasinja, da abin da ke faruwa da kuɗinka idan an ɗage tashi ko likita ya hana ka. Kamfanin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Ka biya da katin bashi idan kana amfani da shi, ko ka tabbatar sharaɗin mayar da kuɗi yana rubuce.

Kafin duk wannan, ka ɗauki iyalin gaba ɗaya ku je ɗaya daga cikin wuraren nan a ranar da ake tashi, ba tare da ka biya komai na hawa ba. Duxford ya fi dacewa da yara saboda babban gidan tarihin yaƙi da ke wurin. Bari ta ga makanikan da idonta, ta ga fasinja ya hau ya sauko iyalinsa suna jiransa a bakin shinge, ta yi wa ma'aikatan tambayoyinta da kanta. Wata rana ku biya ta Hawkinge, inda akwai gidan tarihi a tsohon filin runduna ta 91 mai sunan Nijeriya, da wurin tunawa na Capel-le-Ferne a bakin teku kusa da Folkestone, ka ba yaran labarin kakan babansu a can. Akwai kuma matakai a ƙasa da babban burin waɗanda ba su kai shi tsada ba. A wasu wuraren ana barin mutum ya zauna a kujerar matuƙin Spitfire a ƙasa, a Duxford ana hawan tsohon jirgin fasinja Dragon Rapide yayin da Spitfire ke tafiya a gefensa har kana ganin fuskar matuƙin, ana kuma hawan Harvard, jirgin da aka koyar da matuƙan yaƙin da shi, a kan 'yan ɗaruruwan fam. Su ma tsofaffin jirage ne masu nasu haɗarin, don haka su ma sai da saninta. Kuma tun da Hurricane ne ya fi yawa a ayarin farko da suka sauka Kano, ka sani akwai mai kujera biyu guda ɗaya da ke ɗaukar fasinja a Ingila, mai yiwuwa ma shi ya fi kusa da abin da kakanka ya gani.

Idan bayan ta ji tarihin, ta ga wurin, ta karanta amsar likita da ta inshora, ta ce ta amince ko da zuciyarta na ɗar-ɗar, to ka yi istihara ka sa rana tsakanin Mayu da Satumba, lokacin da sama ta fi yin kyau, ka bar mata zaɓin zuwa filin ko zama a gida, kada ka matsa mata ta kalla. Idan kuwa ta ce har yanzu a'a, kada ka sayi takardar hawan ka ajiye da nufin matsa mata lamba, domin irin waɗannan takardu suna da wa'adi kuma wa'adin zai zama sabon abin faɗa. Ka bar kuɗin a asusu na daban wanda ta san da shi, ku yi yarjejeniya cewa za ku sake buɗe maganar bayan shekara guda ko lokacin da autanku ya kai wani mataki a makaranta da ku biyu za ku ayyana, kai kuma ka ci gaba da auna jininka kana rubutawa domin likita ya sami abin dubawa idan lokacin ya zo. Ka fara da kiran Yaya a wannan makon a kan mai gyaran rufi. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sa albarka a zuriya.